Safiyya, Ki Kula Da Wutsiyar Magana In Kin Isa Koriya

Sentul, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata Safiyya, tare da gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta, ko sai da kika sauka kika huta. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa.

Na san abin da za ki ce in kin gan ta a ƙarƙashin sallayarki: "Umma, ai da kin turo mini ta waya lah," da wannan "lah" ɗin naki na Malay. Na ƙi. Kuma da Hausa na rubuta da gangan. Ki bi ta a hankali, inda kika maƙale ki kira Abbanki ya warware miki.

Ba Koriyanci zan koya miki ba, kin fi ni nesa. Shekara biyu kina zuwa aji, kin ci jarrabawarsu har jami'arsu ta ɗauke ki, rubutunsu kuwa kina karanta shi a guje, ni har yau sai na bi da yatsa. Nawa a baranda da kicin na tsince shi, shi ya sa duk kalmar da zan rubuta a nan yadda kunnena ya ji ta zan rubuta ta, kar ki yi mini dariya. Abin da na fi ki shi ne sanin wuraren da ake tuntuɓe, domin kusan duka na faɗi a cikinsu. Kuma duk a wuri ɗaya suke: ƙarshen jimla, wanda ni nake kira wutsiyar magana.

Kina 'yar shekara huɗu muka zo garin nan. Abbanki yana digirinsa na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, ya fita tun safe sai magariba. Ni ga ni a hawa na goma sha ɗaya, Turancina guntu, Malay kuwa ko "makan", wato cin abinci, ban sani ba. Ƙofar da ke kallon tamu akwai wata tsohuwa 'yar Koriya, wadda ɗanta injiniya ya taho da ita da matarsa Sun-hi saboda aikin gini da kamfaninsu ke yi. Ita ce Halmoni, wato kaka da harshensu. Kin san ta, amma sanin yarinta kika yi mata. Ita ma kamar ni take, ba ta da abokin magana. Sai muka fara da murmushi a bakin lif, sannan nuni da hannu, ke kuma kullum kina ɗakinta tana yanka miki gwanda.

Daga bakinta na ɗauki kalmata ta farko. In ta miƙa miki gwandar sai ta ce, "Mogo, mogo." Na gane "ci" take nufi, na adana. Wata Lahadi na soya waina mai kyau, na yi miyar taushe da kabewar da na samo a kasuwar Chow Kit, na ɗauka na nufi ɗakinta. Na tarar ta yi baƙi, tsofaffin mata uku 'yan ƙasarsu. Na ajiye tire a gabanta ina ji da kaina, na buɗe murya na ce, "Halmoni, mogo!"

Ɗaya daga cikin baƙin ta ajiye kofinta ta kalle ni daga sama har ƙasa. Halmoni ce kaɗai ta tuntsire da dariya har tana dafa ciki. Sun-hi ta ja ni kicin, ta haɗa Turancinta da nawa ta fahimtar da ni: abin da na faɗa daidai yake da in tsaya a kan Hajiya kakarki a gaban ƙawayenta in ce, "Ke, ci!" Haka ake yi wa yaro magana. Babba kuwa kalmar ma dabam ce, "duseyo" ake ce masa. Na ji kamar in nutse. Sai da na yi kwana uku ina leƙa ƙofa kafin in fita zubar da shara.

Saboda haka ki ji. Duk wanda ba ki saba da shi ba, kar ki yanke wa maganarki "yo" ɗin nan na ƙarshe, ko da kin ga kin girme shi. Fina-finan da kike kallo samari ne da 'yan mata ke magana da junansu, kar ki kwashi bakinsu ki kai ofishin malami. Kuma in an tambaye ki shekarunki tun haɗuwar farko, kar ki ɓata rai kamar yadda kike yi wa matan gidan suna. Ba shisshigi ba ne. So suke su san wace wutsiya za su sa wa maganarsu da ke.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Bayan kamar shekara guda, Halmoni za ta je gida na mako uku. Tana da wani fure a tukunya, fari, wanda ɗanta ya saya mata a makon da suka sauka a ƙasar nan, take lallaɓa shi kamar jariri. Ta kawo mini shi, ta ɗora a barandarmu, ta soma bayani. Na ji "mul", ruwa. Na ji "ju", bayarwa. Sai na tari numfashinta na ce, "Ne, ne," wato e, e, na gane, ina ta gyaɗa kai. Ta sake maimaitawa, na sake katse ta. Kullum safe da yamma nake ba shi ruwa, har ina yaba wa kaina riƙon amana. Kafin ta dawo saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi laushi ya zube.

Abin da ta faɗa shi ne "mul juji maseyo", kar ki ba shi ruwa. Ta riga ta shayar da shi, inuwa kawai yake so. Ni kuwa "mul juseyo" na ji, ki ba shi ruwa. Mu a Hausa "kada" a gaba take zuwa, tun kafin a faɗi aikin ka san hani ne. Su kuwa hanin yana can ƙarshe, sai wanda ya jira zai ji shi. Ta zo ta ga tukunyar. Ta taɓa ƙasar da yatsa, ta girgiza kai, ta ɗauki abinta.

Ke kuma kin gado ni a nan. Mutum bai rufe baki ba kin riga kin amsa. Abbanki ya sha faɗa miki, kina cewa ai kin san abin da zai ce. A can ba ki sani ba sai ya gama. Ko e ne ko a'a, ko umarni ne ko roƙo, ko jiya ne ko gobe, duk suna cikin gaɓa biyun ƙarshe. Ki bar mutum ya dire maganarsa, musamman likita da malami da mai gidan haya. In ba ki ji ba ki ce a maimaita miki, ba wanda zai raina ki don haka.

Bayan abin kunyar waina sai na tsorata, na koma ɗaya gefen. Na samu wani ɗan littafi, na haddace wutsiyar nan mai nauyi, "sumnida", irin ta masu karanta labarai, na riƙa liƙa ta a kowace jimla da kowa. Har da Sun-hi, wadda muke zuwa kasuwa tare, muke tapau ɗin shinkafa, wato a ƙulle mana mu tafi da ita gida, a kedai ɗaya, irin shagon abincin nan, muke shanya a igiya ɗaya. Shekara biyu ina yi mata magana kamar mai jawabi a gaban gwamna. Wata rana muna dawowa a bas, sai ta ce, "Maman Safiyya, na yi miki wani laifi ne?"

Na ce, "Laifin me?"

Ta ce, "Shekara biyu. Na san ciwon bayanki, kin san rigimata da mijina. Amma har yau kina yi mini magana kamar ma'aikaciyar banki. Na ɗauka ba kya so in matso ne."

Wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba, ni a ganina girmama ta nake yi. Muka lissafa shekaru a nan cikin bas, ta girme ni da biyu. Ta ce daga yau in kira ta "onni", wato yaya, kuma mu sauke magana. Na gwada jimla ɗaya ba wutsiya. Ta tafa hannu har mutane suka waigo.

Ladabi ma yana iya zama katanga, Safiyya. In ƙawa ta ce miki ku sauke magana, kyauta ta miƙo miki, ki karɓa. Ke dai kar ki fara nema a wurin wadda ta girme ki, ita za ta buɗe wannan ƙofar.

Sai maganar abinci, wadda na san za ta same ki tun makon farko. Wata rana da azahar Halmoni ta ƙwanƙwasa, riƙe da kwano cike da irin fulawar nan da suke naɗe nama a ciki su turara. Na sha ganin suna yin ta da naman alade. A lokacin na koyi wata sabuwar wutsiya, "janayo", ina ta neman inda zan gwada ta. Sai na ce mata, "An mokjanayo." Ni a tunanina cewa na yi ba na ci. Ashe wannan wutsiyar tana ɗauke da "ai kin sani", kamar mai cewa sau nawa zan faɗa miki. Ta tsaya riƙe da kwanon, ta juya ta koma.

Da yamma Onni ta shigo ta ce, "Kin san inda tsohuwar nan ta je da safe? Chow Kit, ita kaɗai, a bas. Ta nemi Musulmi mai sayar da kaji, ta sayi sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa da sabon katakon yanka, don kar abincinki ya taɓa namu."

Na tashi ko mayafi ban gyara ba, na je na durƙusa a gabanta. Kwanon yana kan tebur, ba ta taɓa ba. Na cinye shi tas a nan, ya huce, tana kallona tana harara, can dai ta ƙaro mini yaji.

Kar ki sassauta a kan abin da Allah Ya haramta, ko sau ɗaya, ko don jin kunyar wani. Amma ki fara tambaya me ke ciki kafin ki ƙi. In ƙin ya zama dole, ki ce "mot mogoyo", ba zan iya ci ba, ya fi "ba na ci" taushi a kunnensu. "Janayo" kuwa ki ajiye ta wa ƙawaye. In kuma abu ya yi miki daɗi ki faɗa. Suna da wata 'yar wutsiya, "neyo", ta wanda ya ɗanɗana yanzu ya yi mamaki. "Mashinneyo", kai, ashe da daɗi! Ita ce na fi so duk a harshen. Ban taɓa faɗarta wa mai girki fuskarsa ba ta washe ba.

Yanzu ga wanda ban taɓa ba ki labarinsa ba. Kina aji uku a lokacin. Yanar ido ta rufe wa Halmoni ido ɗaya, aka sa mata ranar da likita zai duba ya tsayar da ranar aiki. Ɗanta yana wurin gini a wata jiha, Onni ta tafi gida duba mahaifinta. Ni kuma a lokacin na iya Malay, Turancina ya miƙe. Halmoni ta ce mini gobe ƙarfe goma motar kamfani za ta ajiye ta a asibiti, ko zan same ta a can bayan na kai ki makaranta, in tsaya tsakaninta da likita? Na ce, "Ne, kalkeyo." Na faɗe shi kamar yadda muke cewa "to, sai na zo" a gidan biki.

Da safe Maman Khalil, ƙawata 'yar gida, ta kira ni. Matar wani sabon ɗalibi ta haihu, suna gobe, mai jegon ba ta da kowa, in zo mu je sayen nama da kayan miya. Na ce a raina, asibiti ai akwai ma'aikata, kuma layi ne, in na gama na wuce. Muka shiga Chow Kit, daga mai nama zuwa mai tattasai, ruwan sama ya tsare mu a rumfa, wayata tana can ƙasan jaka ƙarƙashin albasa. Sai wajen ƙarfe biyu da rabi na isa asibitin.

Tana zaune a benci kusa da ƙofar shiga, jakarta a cinya, tana kallon duk mai shigowa da idonta mai gani. Wata nas ta ce mini sau uku aka kira lambarta, kowane kira sai ta ɗaga hannu ta nuna ƙofa. Ko abinci ta ƙi tashi ta saya, kar in zo ban gan ta ba. Likitan ya riga ya tafi, aka ɗaga ta sai bayan wata guda.

Na soma zuba bayani: haihuwa, kasuwa, ruwan sama. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kin ce kalkeyo." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Daga baya na fahimta. Suna da hanya biyu ta cewa "zan je". "Kal koyeyo" shirinki ne kike faɗa, naki ne, yana iya canzawa. "Kalkeyo" kuwa alkawari ne kika ɗauka kika damƙa a hannun wanda kike magana da shi. Amma ba zan ɓoye a bayan nahawu ba. Ko da Hausa na faɗa, na san tsohuwa ce, na san ba ta da kowa a ranar. Sakaci na yi.

Hukuncin da ta yi mini kuwa har yau ina jin sa. Shekaru tana yi mini magana ba wutsiya, kamar yadda take yi wa ɗanta. Daga ranar sai ta koma sa mini "yo". Ba faɗa, ba ɗaure fuska, ta gaishe ni da kyau a bakin lif kamar baƙuwa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Haka muka yi wata guda da 'yan kwanaki. Ranar da aka sake sa mata, tun kafin motar ta zo ina tsaye a ƙofarta. Ranar aiki na zauna har aka fito da ita. Bayan nan ni ke ɗiga mata magani sau huɗu a yini. A rana ta biyar na gama ɗigawa zan fita, sai ta kama bakin hijabina ta ce, "Safiyya omma, anja." Maman Safiyya, zauna. Ba "yo". Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na yi ta kuka, ita kuma tana faɗa wai kar in jiƙa mata tabarma.

Kar ki ce "zan yi" don kawai a rabu lafiya. In ba za ki iya ba, ki faɗa tun da wuri. Kuma "in sha Allahu" kar ki mayar da ita ƙofar gudu kamar yadda da yawanmu muke yi. Ki faɗe ta kina nufin zuwa. In kin ji wanda kuka saba ya ƙara wa maganarsa ladabi ba dalili, ki binciki kanki, wataƙila kin yi wani abu.

Su ma fa ba kasafai suke cewa a'a kai tsaye ba. In kika nemi abu aka amsa miki da "nundeyo" aka bar jimlar a rataye, "ina ɗan da aiki dai…", to an gama magana, kar ki tsaya jiran sauran. Wannan bai wahalar da ni ba, domin mu ma haka muke, in an ce miki "to, bari mu gani" kin san inda aka dosa.

Laifina na ƙarshe a kanki na yi shi. Ina ta fama da harshen maƙwabta, na bar ki kina amsa mini da Turanci da Malay, ina cewa in kin girma za ki gyara. Ga shi za ki tafi kin san matakan girmamawa na Koriya, amma a waya kina ce wa Hajiya "ya kike". "Ina kwananku" ake ce mata, Safiyya, kuma a jira ta gama jero tambayoyinta. Ki riƙa kiranta duk Juma'a. Abin da ya wuce nawa ne, na gaba naki.

Halmoni tana nan da ranta, ta tsufa sosai amma bakin yana nan. Lambar Onni tana cikin wayarki, sun san da zuwanki. In kin samu hutun farko ki je. Atamfar da ke ƙasan akwati tata ce, ki miƙa da hannu biyu. Ba ni da fargaba a kanki, gaskiya. Na ga yadda kike da mutane, kuma na zauna da mutanen can shekara bakwai, alherinsu ya fi abin da zan iya rubutawa.

Bari in rufe da ranar da suka tafi. Aikin ɗanta ya ƙare, aka loda kaya, muka sauko bakin gini inda tasi ke jira, kina makaranta. Kin san gaisuwar rabuwa biyu ce, ita ake koya wa ɗalibi a darasin farko: mai tafiya a ce masa "annyonghi kaseyo", sauka lafiya, mai zama a ce masa "annyonghi keseyo", zauna lafiya. Shekara bakwai ina faɗarsu daidai. Ranar nan na riƙe hannunta na buɗe baki, sai na ji na ce, "Annyonghi keseyo."

Onni ta yi dariya tana share ido, ta ce, "Mu ne fa masu tafiya." Halmoni ta ce ta ƙyale ni. Ta kama kumatuna da hannu biyu ta ce, "Wannan karon ba kuskure ta yi ba. Ni ma da zan iya, da na zauna." Ta shiga mota.

Gobe a filin jirgi, ke ce za ki ce mini "keseyo". Ni kuma a matsayina na uwarki ba ni da buƙatar wata wutsiya, "jal ka" kawai zan ce, tafi lafiya. Na yi ta maimaita shi yau ina ninke miki kaya. Lokacin da za ki karanta wannan kin riga kin ji abin da ya fito daga bakina. In ɗayan ne ya fito, wato "zauna", na gode da ba ki gyara mini ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko da a lungun ɗakin karatu ne. Ki sa rigar sanyi tun kafin ki ji sanyin. Abbanki yana sa miki albarka, ya ce shi nasa wa'azin a mota zai yi.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, Ya sa harshenki ya zama sanadin alheri a duk inda kika buɗe baki. Allah Ya dawo mana da ke muna raye muna lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Umma